Matokarin Taga: Ƙaramin Ƙarfen Da Ke Tsare Jari A Kasuwar Malanville

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Malanville ya san ba ƙaramar kasuwa ba ce. A Jamhuriyar Benin, idan ka cire Dantokpa ta Kwatano, ita ake ambata. Garin na bakin Kogin Kwara, Gaya ta Nijar na tsallake, Kamba ta Jihar Kebbi kuma ba nisa. Albasa, shinkafa, masara, garin rogo da atamfa duk nan suke haɗuwa, kuma wasu daga cikinsu a shagunan katako suke kwana.

To amma ɗan kasuwa zai sayi kwado mai tsada ya garƙame ƙofa, ya bar tagarsa tana lilo, ko ya tokare ta da guntun icce. Ita kuwa taga a wannan yanki aikinta biyu. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, shagon kwano ya zama tanda. Tilas a buɗe, in ba haka ba albasa ta ruɓe. Da damina ta kama kuwa, iskar hadari ba ta sallama. Bugu ɗaya za ta yi wa tagar da ba a tokare da ƙarfe ba ta ɓalle ta, ruwa ya sauka kan buhuna. Da ma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

'Yan kasuwa sun ga darasin wannan a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar an rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, manyan motoci suka yi jerin gwano, kayan da aka saba kwashewa cikin kwanaki suka yi makonni a jibge, ga shi tsakiyar damina. A irin wannan hali, kyawun ma'ajiya shi ne jari.

Matokari ɗan ƙarfe ne mai tsawon kamu ɗaya ko fiye, mai huji-huji a jikinsa. Ana ɗaura kansa a jikin marfin taga, a kafa ɗan turken da zai shiga hujin a kan firam. Ga abin da ya kamata mai shago ya tsaya a kai idan kafinta ya zo.

Na farko, a rufe tagar tukuna sannan a yi alama, don matokarin ya kwanta daidai idan an kulle. Na biyu, da noti mai murɗawa za a ɗaura, ba ƙusa ba, domin jijjigar iska na zare ƙusa sannu a hankali. A fara huda katakon kaɗan don kada ya tsage. Na uku, a tuna katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Tagar da aka yi wa cif-cif a Janairu za ta ƙi rufuwa a Agusta, saboda haka a bar 'yar rata. Na huɗu, a kan firam za a kafa turken, ba jikin bango ba. Ko a Kanada, inda ake gina gidaje da gungume, haka suke yi, domin bangon yakan zauna bayan shekaru ya karkatar da duk abin da aka ɗaura masa.

Sannan a sani matokari ba mai gadi ba ne. Iska yake tarewa, ba ɓarawo ba. Da dare sai sakata ta ciki. A riƙa ɗiga masa baƙin mai saboda tsatsa, a kuma duba firam ko gara ta shiga.

Kuɗinsa bai kai na buhun shinkafa ɗaya da ruwa zai lalata ba. Kafin hadarin farko ya haɗo, ɗan'uwa, leƙa tagarka. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.