Daga Gaɓar Mayo Gwoi Zuwa Taswirar Tsuntsayen Najeriya

Duk wanda ya sauka gaɓar Mayo Gwoi da ke Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, da sanyin safiya, da wuya ya rasa ganin balbela tana bin shanu, ko shirwa tana shawagi, ko kurciya a kan reshe. Galibin mutane kan gani su wuce. Amma idan aka rubuta sunan tsuntsun, da ranar da aka gan shi, da wurin, sannan aka aika wa masu tattara bayanai, abin da ido ya gani a cikin 'yan daƙiƙu kan zama hujjar da masana ke dogaro da ita.

A kan wannan ne aka gina Shirin Taswirar Tsuntsayen Najeriya, wanda aka fi sani da NiBAP. Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A.P. Leventis, wato APLORI, da ke kusa da Jos kuma take da alaƙa da Jami'ar Jos, ita ce ta soma shi a shekarar 2015. Manufarsa ita ce gano inda kowane nau'i yake rayuwa a ƙasar da ke da nau'o'in tsuntsaye fiye da 900. Masana kaɗai ba za su iya zaga faɗin ƙasar ba, shi ya sa shirin ya jingina da 'yan sa-kai da ƙungiyoyin masu kallon tsuntsaye.

Tsarin aikin ba shi da sarƙaƙiya. An karkasa taswirar ƙasar zuwa ƙananan murabba'ai, kowanne mai kimanin kilomita 9 a tsawo da kilomita 9 a faɗi. Mai kallo zai zaɓi murabba'in da yake ciki, ya shafe aƙalla sa'o'i 2 yana zagaya wurare mabambanta, kamar bakin rafi da gonaki da cikin unguwa, yana rubuta duk nau'in da ya gani ko ya ji kukansa, bi da bi. Yana da damar ci gaba da ƙarawa a jerin har tsawon kwana 5. Da yawa kan yi amfani da manhajar waya ta BirdLasser, wadda ke adana wuri da lokaci da kanta. Idan aka ba da rahoton tsuntsu a inda ba a saba ganin sa ba, masu tantancewa kan nemi ƙarin bayani kafin su amince.

A Taraba, hankalin masu bincike ya fi karkata ga Gandun Dajin Gashaka-Gumti, mafi girma a Najeriya, da dajin Ngel Nyaki da ke tsaunin Mambila. Sai dai sauyin muhalli ya fi sauri a cikin gari, inda gine-gine ke cinye fadama, ake kuma sare itatuwan bakin ruwa. Jerin da aka riƙa ɗauka a wuri ɗaya kamar Mayo Gwoi, shekara bayan shekara, shi ne zai nuna nau'in da ya daina zuwa da wanda ya maye gurbinsa.

Labarin ungulu ya isa darasi. A da, kusan kowace mahauta da kasuwa a Arewa ba ta rabuwa da ita. Ta yi ta raguwa sakamakon guba da farautar sassan jikinta domin haɗa magunguna, ba tare da an samu mai ƙirgawa a yawancin garuruwa ba. A 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta sanya ungulun da aka saba gani a gari cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Rashinta na nufin mushe ya daɗe a fili yana ruɓewa kusa da gidaje.

Lura da tsuntsaye ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, inda manomi ya daɗe yana ɗaukar zuwan shamuwa a matsayin albishir ɗin damina. Abin da shirin ya ƙara shi ne rubutawa da rabawa. Mai son farawa ba ya buƙatar tsadadden madubin hangen nesa: littafin rubutu, da sanin tsuntsayen unguwarsa, da gaskiyar barin duk wanda bai tabbatar da sunansa ba, sun wadatar.