Kafin Ka Miƙa Hannu: Wa Ya Fi Cancanta da Gudummawarka?

Kwanakin baya wani abokina da muka yi makaranta tare ya same ni a gida bayan sallar isha'i, riƙe da takardar neman gudummawa. Kwamitin masallacin unguwarsu ne ya yanke shawarar a fasa daɓen ciki a sa tayil, a ƙara wa hasumiya tsawo, a kuma sayo sababbin lasifikoki. Da na duba jerin waɗanda suka riga ni sa hannu, sai na ga likitoci da lauyoyi da manyan ma'aikatan banki, kuma babu wanda ya rubuta ƙaramin kuɗi. Unguwar kuwa na san ta sarai. Masallatai uku ne a kan layi guda, har kiran sallarsu kan hau kan juna. A bayan layin akwai makarantar firamare da iska ta yaye rufin ajujuwanta biyu tun daminar bara. Da na ambata masa haka, sai ya yi murmushi ya ce, "Ai wannan aikin gwamnati ne, Malam." Na ba da abin da ya sawwaƙa saboda zumunci, amma maganar ta kwana a raina.

Babu mai adalcin da zai zargi mutanen Arewa da rowa. Muna ciyarwa da azumi, muna biya wa mutane kujerar Makka, muna aurar da marayu, kuma da wuya ka sami ma'aikacin da albashinsa ba ya ɗauke da gida biyu ko uku. Abin da ke damuna shi ne, mutumin da zai yi wata guda yana binciken takardun fili kafin ya biya, ko ya kai mota wajen makanikai biyu kafin ya saya, shi ne zai fitar da dubban ɗaruruwan naira da sunan sadaka ba tare da tambaya ko ɗaya ba. Mun ɗauka cewa da zarar niyya ta yi kyau, magana ta ƙare. Haƙiƙa niyya tsakanin bawa ce da Ubangijinsa, to amma amfanin kuɗin tsakaninka ne da mabuƙaci, kuma shi ba ya cin niyya.

Wannan ba baƙon tunani ba ne da aka shigo mana da shi. Addinin da akasarinmu ke bi bai bar zakka sakaka ba, ya ƙididdige rukuni takwas na masu cin ta a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Magabata ma zaɓe suke yi. Sayyidina Usman ɗan Affan ya duba abin da ya fi ƙuntata wa mutanen Madina, ya ga ruwan sha ne, sai ya sayi rijiyar Ruma ya mayar da ita waƙafi, kuma har yau wurin yana nan da gonar dabinonsa. Sayyidina Umar ya tsare asalin gonarsa ta Khaibar, ya sa a riƙa sadaka da amfaninta. Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, dukiyarta ta zuba wajen jawo wa alhazai ruwa zuwa Makka. Kowannensu ya fara da duba inda ciwon yake.

Rashin yin wannan tunani kan kai har ga asarar rai. A watan Maris na 2024, cikin azumi, mata da yara sun mutu a Bauchi a turmutsitsin rabon zakka. A watan Disamba na shekarar kuma, cikin mako guda, yara 35 suka rasu a Ibadan, mutum 22 a Okija ta Jihar Anambara, wasu 10 a Abuja, duk a wajen rabon abinci da kuɗi. Masu rabon ba mugunta suka nufa ba. Sun dai zaɓi hanyar da ake tara jama'a a gani, alhali ana iya bin gidaje da daddare a miƙa wa kowa nasa cikin sutura.

To ina ya kamata mai neman inda kuɗinsa zai yi aiki ya duba? A nawa ganin, ya fara da wahalar da ba ta da murya. Mabuƙacin da ya iya zuwa ƙofar ofishinka, ko ya sami wanda zai rubuta masa takarda, ya riga ya fi dubbai gata. Bari in ba da misali da cutar noma, wadda na tabbata da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ba su taɓa ganin mai ita ba. Cuta ce da ke kama yara, akasari 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa da kumburin dasashi da warin baki, abin da uwa za ta ɗauka ba komai ba ne. Cikin 'yan kwanaki sai ta ci kunci da leɓe, wani lokaci har hanci da ƙashin muƙamuƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa idan ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma na yaran mutuwa suke yi. Waɗanda suka rayu kuwa, wasu ba sa iya buɗe baki su ci abinci, kuma akan ɓoye su a ɗaka saboda kunyar idon mutane. Abin takaicin shi ne, in an gano ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita, a kan kuɗin da bai kai na man motar wasunmu na mako guda ba.

A Sakkwato akwai asibitin da aka keɓe wa wannan cuta tun 1999, ɗaya daga cikin ƙalilan irinsa a duniya. An kafa shi ne da tallafin ƙungiyoyin agaji na Jamus da Holan, kuma tun 2014 ƙungiyar likitoci ta na-gari-na-kowa, wato MSF, ke dafa wa ma'aikatar lafiya wajen yi wa yaran tiyatar gyaran fuska kyauta. Nijeriya ce ta jagoranci kai kuka gaban Hukumar Lafiya ta Duniya har aka sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a watan Disamba na 2023. Mai karatu ya tambayi kansa: sau nawa ya ji an kafa gidauniya a masallacinsu, ko a ƙungiyar tsofaffin ɗalibansu, domin waɗannan yara? Ni dai ban taɓa ji ba, kuma ban cire kaina daga laifin ba.

Haka labarin yoyon fitsari yake, wanda doguwar naƙuda ke jawo wa mata. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo asibitin kutare na Babbar Ruga a Katsina a 1983, ya fara ɗinke matan a shekarar da ta biyo, ya yi wa sama da mata 20,000 aiki, ya kuma horar da likitocinmu masu yawa. Yau akwai cibiyoyi a Katsina da Kano da Sakkwato da Zariya da Jahun, har da Danja kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Sau da yawa aikin kyauta ne. Abin da ke tsare mace a ƙauye shekara da shekaru, miji ya sake ta, dangi na toshe hanci, shi ne rashin sanin ana warkewa, da rashin kuɗin mota da na abincin mai jinya. Wannan giɓi ne da malamin makaranta ma zai iya cikewa, ba sai attajiri ba.

Bayan girman wahala, sai mutum ya duba ko akwai maganin da aka tabbatar yana aiki. Tarihin kurkunu ya ishe mu darasi. Dattawanmu sun san yadda wannan tsutsa ke kwantar da manomi a tsakiyar damina. A binciken da aka yi a ƙarshen shekarun 1980, an ƙidaya sama da mutum 650,000 masu kurkunu a Nijeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta zaɓi wannan cuta ne saboda ta ga ana iya gamawa da ita da abubuwa masu araha: ƙyallen tace ruwa, da hana mai ciwon shiga tafki, da 'yan sa-kai a kowane ƙauye. Janar Yakubu Gowon ya shiga yaƙin yana bin gwamnoni da sarakuna. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya a 2008, aka kuma ba ƙasar shaidar rabuwa da cutar a 2013. Da an raba wa masu ciwon kuɗin nan hannu da hannu, da an sha addu'a, da kuma har yanzu ana ɗingishi.

Akwai wani abu da ya kamata ya ba mu kunya, ya kuma ba mu ƙwarin gwiwa. A 2007 wasu matasa biyu a Amurka suka kafa wata cibiya mai suna GiveWell, aikinta kawai lissafin inda kowace dala ta sadaka ke ceton rai mafi yawa. A jerin ƙungiyoyi huɗu da ta fifita a 2022, ɗaya ita ce New Incentives, wadda a Arewacin Nijeriya take aiki, tana ba iyaye mata ɗan kuɗi idan sun kai jarirai rigakafi, bayan an gwada tsarin a Katsina da Zamfara da Jigawa an ga yana ƙara yawan yaran da ake yi wa allura. Wata kuma ita ce Malaria Consortium, mai bin gida-gida da damina tana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, kuma kaso mai tsoka na aikin a jihohinmu ake yin sa. Wato mutanen nesa sun auna duniya kaf, ma'auninsu ya tsaya a ƙofar gidanmu. Ba lallai ne mu yarda da duk lissafinsu ba, domin akwai alherin da ba ya shiga alƙaluma, kamar mutuncin tsohuwar da aka rufa wa asiri. Amma wanda yake zaune a Dutse ko Gusau ba shi da uzurin cewa bai san inda zai kai taimako ba.

Sai batun ɗorewa, inda a nan ne muka fi faɗuwa. Duk wanda ke yawon ƙauyuka ya saba ganin rijiyar burtsatse da allon sunan wanda ya gina, famfon ya mutu, awaki na kwance a gindinsa. Mun fi son gini a kan gyara, saboda gini ake buɗewa da biki. Wanda zai haƙa rijiya ya tambaya tun farko: wa zai gyara ta in ta lalace, kuma da wane kuɗi? Sau da yawa farfaɗo da matattun famfuna biyar ya fi haƙa sabuwa guda arha da amfani, sai dai babu inda za a rubuta sunanka. Hikimar waƙafi ke nan, a bar wa aikin abin da zai riƙa ciyar da shi, ko shago ne ko gona. Marigayi Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya rasu a 2025, ya ba asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano cibiyar wankin ƙoda. Irin wannan wuri kullum yana buƙatar kayan aiki da wuta da gyaran na'ura, kuma ɗaukar nauyin wankin majinyaci guda aiki ne da ƙungiyar abokai goma za ta iya.

Game da amana kuwa, kada kunya ta hana mu tambaya. Ƙungiyar da ke neman kuɗinka tana da rajista? Asusun da aka ba ka na ƙungiya ne ko na mutum ɗaya? Za su iya nuna maka abin da suka tara bara da yadda suka kashe shi? Za ka iya zuwa ka gani da idonka ba tare da ka sanar ba? Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, hasali ma daɗinsu yake ji. Hukumomin zakka na jihohi, irin su Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano da aka kafa a 2003 da takwarorinta na Zamfara da Sakkwato, su ma wannan ma'aunin ya hau kansu, kuma wallafa lissafinsu a fili ne kaɗai zai sa masu dukiya su saki jiki da su. A guji kuma masu ɗaukar hoton majinyaci a halin da shi kansa ba zai so a gan shi ba.

Na san za a ce, to dangi fa? Gaskiya ne, makusanci shi ne farko, kuma wanda ƙanwarsa ke kwana da yunwa ba shi da hurumin zancen Sakkwato ko Babbar Ruga. Haka nan ban ce a daina gina masallaci ba, akwai garuruwan da ke sallah a rana, su sun cancanta. Maganata a kan rarar da ke fita bayan an sauke waɗannan haƙƙoƙi ce, wadda a yanzu take tafiya ga duk wanda ya riga zuwa, ko ya fi iya baki, ko muka fi jin nauyinsa.

Bayan mako biyu na koma wajen abokin nan nawa, na roƙe shi ya sa kafinta ya yi mana lissafin rufin ajujuwan biyu. Da lissafin ya zo, bai kai kuɗin tayil ɗin ba. Ya kai maganar gaban kwamiti, aka yi ta ja-in-ja har dare ya raba. Wasu suka ce an karɓi kuɗin jama'a da sunan masallaci, ba halal ba ne a karkatar da shi, kuma suna da hujja. A ƙarshe aka amince a ɗage aikin hasumiya, a sake zagayawa da sabuwar takarda da sunan makaranta. Ya zuwa ranar da nake wannan rubutu, mutum shida ne suka sa hannu, hadarin farko kuma ya fara haɗowa daga gabas.