Makullin da ke cikin katin sim

Yara, ku dubi katin sim na salular babanku. A ƙarƙashin ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya akwai ƙaramar kwamfuta. An fara ƙera irin katin a Jamus, a 1991.

Saƙon salula kowa na iya ƙaga shi. Maƙaryaci ya rubuto ma mutumin Gabi: "An turo maka kuɗi daga Maraɗi", alhali babu ko dala. Amma a cikin katin akwai lambar asiri mai wuyar sata. Ko mai salular bai iya ganinta. Da ita kamfani yake gane layinsa.

In an sa ma katin lambar kulle, ɓarawo ya kuskure ta sau 3, katin ya rufe kansa. Sai da lamba ta biyu, PUK. In ya kuskure ta sau 10, katin ya mutu.