Kafin Ki Aika A Sayo Miki Keken Surfani

Yau hirar tamu a kan keken surfani ce, domin da yawa cikinmu kuɗin adashi ko na sadaki ake zubawa a saye shi, kuma idan aka yi zaɓen tumun dare, sai keken ya koma abin ɗora kwanuka a ƙuryar ɗaki.

Da farko ki tambayi kanki, wane aiki zan riƙa yi? Idan fulawa ce a bakin mayafi, rigar matashi da zanen gado, baƙin keken nan na ƙafa, irin su Butterfly da Singer, ya ishe ki farawa. Ana cire ƙafar da ke danne yadi, a rufe haƙoran da ke jan sa, a ɗaure yadin tamau a cikin zobe, ke kuma ki riƙa juya shi da hannu. Ba ruwansa da wutar nefa, sai dai yana son haƙuri kafin hannu ya faɗa.

Idan kuwa wuyan rigar shadda kike hange, sai keken zigzag, kamar wanda teloli ke kira 20U. Yana da sauri, kuma da gwiwa ake buɗa faɗin zaren. Amma fa yana da nauyi, yana cin wuri, ga ƙara.

Na uku shi ne mai kwamfuta, irin na Brother da Janome, wanda ke fitar da zane da kansa. A nan ki lura da girman zobensa. Ƙananan ba su wuce santimita 10 tsawo da faɗi ba, ba za su ɗauki babban zane a zama ɗaya ba. Sannan idan wuta ta yi ƙarfi farat ɗaya, tana iya ƙona ƙwaƙwalwarsa, don haka sai da sitabilaiza.

To, tunda ba ke za ki shiga kasuwa ba, ki ja kunnen maigida ko ɗan'uwan da zai je. Ki ba shi ƙyallen irin yadin da za ki riƙa aiki a kai, da zarenki, a gwada a gabansa, ya kawo miki ki duba ciki da bai. Idan na hannu ne, ya karanta bayansa: wutarmu bolt 220 zuwa 240 ce, na Amurka kuwa 110 zuwa 120, sai da na'urar rage wuta. Ya kuma tabbatar ana samun allura da kwarkwaronsa a garinku, da mai gyaran da ya san shi. Kada ya baro rasit.

'Yar'uwa, da ki ci bashin babban keke gara ƙaramin da hannunki ya iya, ribarsa ita za ta sayo miki na gaba. Allah ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.