Renon Yara da Neman Na-kai a Gidajen Hausawan Kano

Renon yara a ƙasar Hausa bai taɓa kasancewa aikin uwa da uba su kaɗai ba, domin tsarin gidan gargajiya, tun daga gininsa har zuwa rabon ayyukan cikinsa, an shirya shi ne bisa sanin cewa hannuwa da yawa za su taru a kan yaro guda. A tsofaffin unguwannin birnin Kano, irin su Kurawa da Yakasai da Madabo da Ƙofar Mazugal, gida ɗaya yakan ƙunshi maigida da matansa da 'ya'yansa maza da suka yi aure, kowanne da sashensa, ga kuma tsohuwa, wato mahaifiyar maigida, wadda ɗakinta kan zama matattarar jikoki. Zaure na maza ne da baƙi, tsakar gida kuwa ta mata ce da yara, kuma a nan ake daka da tankaɗe da wanki da kitso, idon kowace babba yana kan kowane ƙarami. Wannan tsari yana sama wa uwa sarari, ita kuma takan mayar da sararin ya zama dukiya ko ilimi. Sai dai duk sa'ar da ta samu ta huta ko ta yi sana'a, akwai wanda ya ɗauke mata nauyi a wannan sa'ar, kuma ba kowane lokaci ake tambayar ko wane ne shi ba.

Hanya ta farko da ake raba aiki da ita, a gidan da yake da mace fiye da ɗaya, ita ce rabon kwana, wanda shi ne kuma rabon girki. Bisa al'ada kowace mace tana karɓar kwana biyu, kuma a cikinsu ita ce mai girki: ita maigida zai miƙa wa cefane, wato hatsi da kayan miya ko kuɗinsu, ita za ta tuƙa tuwon dare na gidan baki ɗaya, ita za ta raba a kwanuka. Idan ta fita daga girki, sauran kwanakin nata ne, don haka matar da take da kishiyoyi uku kwana biyu kawai take yi a madafa cikin kowane kwana takwas. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan kishi da fitintinunsa, kuma gaskiya ne suna nan, amma ba kasafai ake kula da wannan gefe na lissafin ba, alhali shi ne ya sa uwargida, wato matar da aka fara aura, take iya riƙe sana'ar da amaryar da take ita kaɗai a gida ba za ta iya ba.

Haihuwa kuwa tana da nata tsarin na sauƙaƙa wa uwa. Mace mai cikin fari takan koma gidan iyayenta ta haihu a can, ko kuma a tura mata wata dattijuwa daga danginta ta zauna da ita har a yi arba'in, wato kwana arba'in na jego, lokacin da mai jego take wankan ruwan zafi da ganye, tana shan kunun kanwa, ba ta girki, ba ta aikin ƙarfi. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi a kan yawan kanwa da tsananin zafin ruwan saboda illarsu ga zuciya, kuma gargaɗin yana kan hanya, amma hutun da al'adar take bayarwa abu ne da ya cancanci a riƙe. Alkunya, wato kawaicin da iyaye suke yi wa ɗan fari har ba sa kiran sunansa, tana tura yaron wajen kakanni tun yana ƙarami, su kuma su ja shi a jiki da wasan jika, inda kaka take kiran jikanta namiji da maigida, kakan kuma ya kira jikarsa da amarya. Idan lokacin yaye ya yi, wajen shekara biyu, sai a kai yaro gidan kaka ko goggo ya yi kwanaki har ya manta da nono, kuma sau da yawa daga nan ne zaman yake zarcewa ya zama riƙo, wato a bar wa 'yar'uwa yaro ta rene shi har aure, musamman idan Allah bai ba ta haihuwa ba. Yaron da ya tashi a haka yana da Inna da Goggo da Baffa da Kawu da Yaya, kuma kowannensu yana da ikon aikensa da tsawata masa, yana kuma da alhakin ciyar da shi idan ya same shi da yunwa.

Abin da mace take yi da lokacin da ta samu shi ne sana'a. A shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, ci da sha da tufafi da muhalli suna wuyan miji, abin da mace ta samu kuwa nata ne, miji ba shi da iko a kansa sai da yardarta. Wannan hukunci, haɗe da kulle, wato zaman matan aure a gida ba tare da fita kasuwa ba, shi ya haifar da kasuwar da take ci a bayan katanga: wannan gida ana soya ƙosai da safe, wancan ana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, na gaba ana sayar da ɗanwake ko waina ko fura, wani kuma ana ɗinkin hula ko ana auna gishiri da daddawa da kuka. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta kuma wallafa littafinta kan garin a 1972, ta nuna cewa wani babban kaso na cinikin hatsi da abinci yana gudana ne a cikin gidaje ta hannun matan da ba a ganinsu a kasuwa. Abincin rana a gidaje da yawa ba a dafa shi, ana bai wa yara kuɗi ne su sayo a maƙwabta, ta yadda girkin mace guda yake ɗauke wa mata da dama hura wuta, kuɗin unguwa kuma yana zagayawa a tsakanin matan unguwa. Har maigida kan sa kuɗi ya sayi abin da matarsa take sayarwa, kuma ba a ɗaukar hakan a matsayin abin kunya.

Sai dai wannan kasuwa ba ta tafiya sai da ƙafafun yara. Su ne 'yan aike, su suke sayo kaya, su suke kai saƙo tsakanin gidaje, su ne kuma masu talla, wato ɗaukar kayan sayarwa a faranti ana zagayawa da shi layi-layi. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin ayyukan yara a birnin Kano a shekarun 1970, ta bayyana yadda samun matar kulle ya dogara da samun yarinyar da za ta yi mata talla, kuma bincikenta ya zo daidai da lokacin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, abin da ya sa aji da faranti suka shiga takara a kan lokacin yarinya guda. Iyaye mata da suka hana 'ya'yansu makaranta ba rashin ƙauna ya sa su ba, domin ribar tallar ita ce za ta zama kayan ɗakin yarinyar ranar aurenta. Amma kyakkyawar niyya ba ta rage asarar ba, kuma yarinyar da ta shafe ƙuruciyarta a tasha da bakin kasuwa ta biya farashi mai tsada, a iliminta da kuma a tsaron mutuncinta.

Ribar sana'a ba a barinta a hannu, saboda kuɗin da yake ɗaki buƙatun yau da kullum suke cinye shi. Ana zuba ta a adashi, wato yarjejeniyar da mutane suke yi ta zuba kuɗi daidai wa daida a kowace rana ko mako ko wata, a wajen amintacciyar da ake kira uwar adashi, sannan kowa ya kwashi jimlar idan layinsa ya zo. Akwai kuma biki, wanda a nan yake nufin gudummawar da mace take kai wa ƙawarta ranar suna ko aure, da sanin cewa za a mayar mata da abin da ya fi shi idan nata ya tashi, don haka shi ma ajiya ce da aka lulluɓe da zumunci. Abin da ake tarawa dominsa sananne ne. Na farko shi ne kayan ɗakin 'ya mace, wanda a da kwanukan samira da tangaran ne ake jerawa, yanzu kuma ya koma gado da kujeru da firiji. Sai akuya ko tunkiyar kiwo, sai ɗan kunnen zinare da za a iya sayarwa ranar matsuwa, sai fili, sai kujerar Makka. A Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar CARE ta gina shirinta na Mata Masu Dubara a kan wannan al'ada, ta fara shi a yankin Maraɗi a 1991, inda mata suke tara kuɗi a akwati suna ba juna rance, kuma daga can salon ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama.

Ilimi ma yana cikin abin da matan aure suke nema wa lokaci. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda kowace jaji, wato shugabar mata, take ɗaukar karatu tana kai wa matan ƙauyuka. A Kano gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya a 1980, ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN kuma ta kafu a 1985, sannan Islamiyyun matan aure suka bazu a unguwanni, ana shiga da hantsi bayan yara sun tafi makaranta ko da dare bayan sallar isha'i, uwa da goyonta a baya.

A sababbin unguwanni irin su Hotoro da Sharaɗa da Naibawa da Rijiyar Zaki, lissafin ya canja, domin gidan da ya fi yawa shi ne na miji da mata da 'ya'yansu, sau da yawa a gidan haya, nesa da kaka da goggo. Idan matar malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar jinya, mijin kuma yana da shago a Kantin Kwari ko Singa ko yana aikin ofis, to abin da dangi suke yi kyauta a da sai an saye shi da kuɗi. Injin markaɗe ya maye gurbin turmi da dutsen niƙa, mai kura yana kawo ruwa a jarkoki, jariri yana wuni a makarantar reno, ana kuma yin jinga da mai adaidaita sahu ya kai yara boko da safe, ya ɗauko su da rana, ya mayar da su Islamiyya da la'asar, musamman tun da aka hana goyo a babur a cikin birnin a 2013. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, ma'aikatan tarayya suna samun fiye da haka, jihar Kaduna ta mayar da nata wata shida a 2019, kuma a 2021 gwamnatin tarayya ta amince wa maza ma'aikatanta hutun kwana 14. Amma mai awara da mai ɗinki da mai sayar da turaren wuta ta WhatsApp, waɗanda su ne mafi rinjaye, babu hutun da ya shafe su. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara tsadar duk waɗannan hidimomi a lokaci guda, har wasu iyaye suka mayar da yaransu makarantar da za a iya zuwa da ƙafa.

Giɓin da ya rage yara ne suke cike shi, amma yanzu yaran wasu. Almajiri yakan kama gida, ya yi shara da wanke-wanke da aike, a ba shi abinci da ɗan kuɗin sabulu, yana kiran matar gidan uwar ɗakinsa, kuma akwai gidajen da wannan alaƙa ta ɗore har aka koya wa yaron sana'a aka yi masa aure. 'Yar aiki kuwa daga ƙauye ake kawo ta ta hannun dillaliya, albashinta yana tafiya wajen uwarta don a tara mata kayan ɗaki, wato dai buƙatar da ta fitar da yarinya talla ita ce ta kawo ta aikatau. Bambancinta da 'yar riƙo shi ne babu dangantakar da za ta sa a ji kunyar iyayenta, don haka tana iya shirya 'ya'yan gida su tafi makaranta ita kuma ta zauna da tsintsiya. Wasu gidaje suna sa 'yan aikinsu a Islamiyya ko ajin yamma, kuma wannan shi ne mafi ƙarancin abin da adalci yake nema daga mai ɗaukar 'yar wani aiki.

Rawar uba ita ma tana sauyawa, ko da yake a hankali. A da aikinsa ya tsaya ne a kan cefane da kuɗin makaranta da ɗinkin salla da ragon suna, sai kuma tarbiyyar 'ya'ya maza idan sun isa zama a zaure ko bin sa kasuwa, burinsa kuma shi ne ya gina gidan kansa, ya ga saukar karatun 'ya'yansa, ya aurar da su, ya sauke farali. A gidan da babu kaka babu kishiya, shi ne yake kai yaro asibitin Hasiya Bayero idan zazzaɓi ya tashi da dare, shi yake tsayawa a kan aikin gida da aka ba yara a makaranta, wani lokaci kuma shi yake riƙe jariri kafin a sauke tukunya, ko da ba zai faɗi haka a majalisa ba. Ranar Juma'a ko Asabar akan kwashi yara a kai su cikin gari su wuni wajen kakanni, idan an yi dogon hutu kuma a bar su can su yi makonni, kuma a irin waɗannan makonni ne uwa take samun damar zana jarrabawa, ko zuwa sarin kaya, ko kammala ɗinkin da ta karɓa.