Fashin Baƙi: Yadda kuɗin agajin gaggawa ke zurarewa, da wanda doka ta ɗora wa ba da bayani

Duk shekara idan damina ta kankama, mazauna ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Tagwai, wadda Minna ke dogaro da ita wajen ruwan sha, kan zuba ido kan kogi kamar sauran al'ummomin bakin ruwa a Jihar Neja. Jihar ce ke ɗauke da manyan madatsun wutar lantarki na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, kuma tana cikin jihohin da ambaliya ta fi yi wa ɓarna a ƙasar nan.

A ƙarshen watan Mayun 2025, ruwa ya share unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a garin Mokwa, inda fiye da mutum 150 suka rasu. Kwanaki kaɗan bayan haka, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sanar da cewa Gwamnatin Tarayya ta amince da ba da naira biliyan 2 da tirela 20 na abinci. Tambayar da ke biyo bayan kowace irin wannan sanarwa ita ce: ta wace hanya kuɗin ke bi, kuma wa za a tuhuma idan bai isa hannun masu shi ba?

Inda kuɗin ke fitowa

Tushe na farko shi ne Asusun Kula da Muhalli, wanda aka kafa a 1981 domin magance zaizayar ƙasa da ambaliya da kwararowar hamada. Ana cire shi ne daga Asusun Tarayya, a raba tsakanin Gwamnatin Tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi a rabon wata-wata. Daga kason tarayya ne Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999, ke samun wani ɓangare na kuɗin aikinta.

Na biyu shi ne asusun ko-ta-kwana, wanda sashe na 123 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba majalisar dokokin jiha damar kafawa. Gwamna na iya cire kuɗi daga ciki idan buƙatar gaggawa ta taso, amma wajibi ne ya gabatar wa majalisa ƙwarya-ƙwaryar kasafi domin a mayar da abin da aka cire.

Na uku shi ne gudummawar jama'a da kamfanoni da sauran gwamnatoci. A Neja kuma akwai hukumar agajin gaggawa ta jihar, NSEMA, da hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki ta ruwa, HYPPADEC, mai hedikwata a Minna.

Ƙofofin da ake bi

Gaggawa ita ce ƙarfin wannan kuɗi, ita ce kuma rauninsa. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta Tarayya ta 2007 ta yarda a ba da kwangila kai tsaye a lokacin bala'i, ba tare da tallatawa da takarar 'yan kwangila ba, domin wanda ruwa ya ci gidansa ba zai jira wata uku ba. Sai dai inda babu takara, farashi kan zama yadda aka ga dama.

Ƙofa ta biyu ita ce jerin sunayen waɗanda abin ya shafa. Idan ba a bayyana shi a fili ba, ana iya cusa sunayen bogi ko na 'yan gaban goshi. Ta uku kuwa ita ce cakuɗa kuɗin muhalli da sauran kuɗin jiha, ta yadda za a kashe shi a albashi ko hidimar siyasa ba tare da an bar sawu ba. Ga shi kuma kayan agaji ƙarewa suke yi: buhun shinkafar da aka ce an raba ba gada ba ce da mai binciken kuɗi zai je ya gani da idonsa bayan shekara guda.

Abin da shari'o'i suka nuna

Shari'ar da ta fi fice ita ce ta tsohon Gwamnan Filato, Joshua Dariye. Hukumar EFCC ta gurfanar da shi a 2007, amma sai a watan Yunin 2018 Mai Shari'a Adebukola Banjoko ta Babbar Kotun Abuja ta yanke masa ɗaurin shekara 14, bisa karkatar da sama da naira biliyan 1.1 na kuɗin muhallin jiharsa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage hukuncin zuwa shekara 10, Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi a 2021, sannan aka yi masa afuwa a 2022.

A Neja ma, EFCC ta gurfanar da tsohon Gwamna Mu'azu Babangida Aliyu da tsohon kwamishinan muhalli Umar Nasko a 2017, kan zargin karkatar da kusan naira biliyan 2 na kuɗin muhalli. Sun musanta zargin, kuma a watan Disambar 2021 Babbar Kotun Jihar Neja da ke Minna ta sallami tsohon gwamnan tare da wanke shi.

Ƙarshen shari'o'in biyu ya sha bamban, amma sun yi tarayya a abu guda: dukkansu an fara su ne bayan gwamnonin sun sauka, domin sashe na 308 ya hana gurfanar da gwamna ko mataimakinsa suna kan mulki. Kafin a kai ga hukunci, damina da dama sun zo sun wuce.

Waɗanda ke da hurumin tambaya

Kariyar sashe na 308 ta hana gurfanarwa ne kawai, ba ta hana bincike ba, kuma ba ta shafi kwamishinoni da 'yan majalisa da shugabannin ƙananan hukumomi ba.

Sashe na 125 ya ɗora wa Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha duba asusun gwamnati da miƙa rahoto ga majalisa. Sassa na 128 da 129 sun ba majalisar ikon gayyatar kowane jami'i ya yi bayani bisa rantsuwa, sashe na 188 kuma ya ba ta ikon tsige gwamna kan babban laifi. Matsalar ita ce majalisar da ke kallon hannun gwamna ba kasafai take ɗaga masa murya ba.

Su ma masu zaɓe na da makami. Sashe na 110 ya ba su damar yi wa ɗan majalisar jiha kiranye, idan fiye da rabin masu rajista a mazaɓar suka sa hannu. Sharaɗin na da tsauri, shi ya sa yunƙurin yi wa Sanata Dino Melaye kiranye a 2018, ƙarƙashin irin wannan tanadi, ya ci tura.

Hanya mafi kusa ga talaka ita ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun gwamnati a rubuce, hukuma kuma ta amsa cikin kwana 7. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma.

Ke nan ƙungiyar matasa a Tagwai ko ta 'yan kasuwa a Mokwa na da ikon rubuta wa ma'aikatar kuɗi ko NSEMA su nemi amsa kan abubuwa huɗu: nawa ya shigo, wane kamfani aka ba aiki, a kan nawa, kuma su wa suka karɓa. Hausawa na cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Lokacin yin waɗannan tambayoyi shi ne sa'adda motocin agaji ke kan hanya, shaidu na raye, rasit bai ɓata ba.