Amanar Aure a Hannun Masu Shirya Finafinai

Tun daga shekarar 1934, sa'ad da manyan kamfanonin Hollywood suka fara aiki da gaske da ƙa'idar nan da ake kira Hays Code, har zuwa 1968 da aka jingine ta, ba a yarda mai shirya fim a Amurka ya ƙawata zina ko ya kafa mata hujja ba. In kuwa labari ya tilasta a ambace ta, to, al'ada ita ce a ga mai aikata ta ya girbi abin da ya shuka kafin a kunna fitilun silima. Mai nazari zai iya zaton cewa takunkumin nan kaɗai ke riƙe da mutuncin aure a kan majigi, ranar da aka kwance shi kuwa sai abin da hali ya yi. Amma al'amarin bai tafi haka sak ba.

Shekara guda bayan faɗuwar ƙa'idar, Paul Mazursky ya fito da Bob & Carol & Ted & Alice, labarin miji da mata waɗanda suka halarci wani zaman koyon faɗin gaskiya, suka komo da aƙidar cewa muddin ba a ɓoye wa juna kome ba, kowa na iya neman wanda ya so a waje ba tare da an kira shi maci amana ba. Mijin ya yi iƙirarin abin da ya aikata a wata tafiya, matar ta karɓa da fara'a har da yaba masa. Amma ran da ya dawo gida ba zato ya tarar da mai koya mata wasan tanis a ɗakinsa, sai jini ya hau masa kai, ya yi ta sababi, kafin ya tuna da aƙidarsa ya haɗiye fushi, ya miƙa wa baƙon abin sha. Daga bisani su biyu da abokansu ma'aurata, su huɗu ke nan, suka taru a gado ɗaya a wani otal na Las Vegas da niyyar musanya, sai kowa ya yi tsuru-tsuru, kunya ta rufe su, suka sa tufafinsu suka fita. Babu hukumar da ta tilasta wa Mazursky wannan ƙarshe. Kishi da kunya, waɗanda falsafa ba ta iya kankare su daga ɗabi'ar ɗan Adam ba, su suka rubuta shi.

Kada mai karatu ya gwama tsarin ma'auratan fim ɗin nan da auren mace fiye da ɗaya, domin shi yana da waliyyi da shaidu da sadaki, da rabon kwana, da nasabar 'ya'ya tabbatacciya, alhali wancan yarjejeniya ce ta baki wadda ba alƙalin da zai saurari ƙararta.

Masu kallon finafinan Indiya a Kano da Zariya sun san wannan mas'ala ta wata ƙofa. A Silsila na Yash Chopra, 1981, Amitabh Bachchan ya auri wadda wansa ya rasu ya bari da juna biyu, don ya rufa mata asiri, alhali zuciyarsa na wajen Rekha. Ya saki hanya har suka gudu tare, sa'an nan ya komo ga matarsa da nadama. Bayan shekara 25, Karan Johar ya yi ƙarfin halin da Chopra bai yi ba: a Kabhi Alvida Naa Kehna, Shah Rukh Khan da Rani Mukerji suka ci amanar abokan zamansu, aure biyu suka mutu, kuma aka haɗa su a ƙarshe. Sai dai ko shi bai ba su juna a arha ba, sai da ya raba su shekara uku, kowa na zaune shi kaɗai yana zaton ɗayan ya koma gidan aurensa.